Hazon nan na asuba, hunturu ne kaɗai ko da hannunmu a ciki?

Mai Tumatir, Jiratawa:

Assalamu alaikum ƴan zaure. Tambaya ce ke tafe da ni, a yi haƙuri in ta yi tsawo, don sai na faɗi yadda abin ya faru za a gane inda na dosa.

Sana'ata kai kayan miya kasuwa. Ina idar da sallar asuba a Jiratawa nake ɗaure kwando biyu na tumatir a bayan moto, wata rana da buhun kabeji a bisa, in kamo hanyar Maraɗi don in iske ƴan sari ba su watse ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina bin hanyar nan, ramukanta ma na haddace su. To ran Litinin da ta wuce saura ƙiris in afka wa amalanken shanu ta baya, daf da shiga gari. Wallahi ba gudu nake ba. Fitila a kunne take, amma hasken sai ka ce ya daki farin bango ya dawo mini. Ban ga shanu ba, ban ga amalanke ba, ƙafar yaron da ke zaune a baya kawai na hanga tana lilo, na danne burki da ƙarfin tsiya. Allah Ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, sai kwando ɗaya da ya kife. Ni da yaron muka duƙa tsintar tumatir a kwalta, shi yana dariya, ni ina lissafin asara.

Tun ranar nake sa ido, sai na lura kamar hazon nan iri biyu ne. Na karkara fari ne, ba ya wari, sai dai ya busar da leɓe, ka riƙa jin tsakuwa-tsakuwa a haƙori. Amma da na kawo gidajen farko na gari sai launin ya sake, ya koma shuɗi-shuɗi, ya kwanta daidai tsayin katanga, ga ƙauri: na leda, na taya, na ɗanyen icce. Nan idona ke fara ruwa. Zuwa hantsi wannan na biyun ya watse, farin kuwa yana nan har la'asar, rana ta koma kamar farantin silba, kana kallonta tana kallonka. Akwai ma ranakun da nake tasowa taurari tar a sama, babu ƙura ko kaɗan, amma in iske gari a lulluɓe.

Ɗiyata mai shekara bakwai tana wurin Inna a Mokoyo saboda lakwal. Tun da sanyi ya shigo ba ta rabu da tari ba, musamman da dare. Inna cewa take hunturu ne, kowace shekara haka yake, a shafa mata man zafi a ƙirji. Amma ita da bakinta ta ce sanyin zamanin da ya fi na yanzu cizo, sai dai ba ya shaƙe mutum haka. A tasha kuwa kowa da tasa: wani ya ce daga Agadas ƙurar ke zuwa, wani ya ce Cadi, wani ya rantse hayaƙin kamfanonin Kano ne. To masu sani, daga ina abin nan yake? Kuma don me sai da sanyi?

Tsohon Mushe:

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah Ya mayar da alheri. Ɗana, a kan moto ka gano abin da na shekara talatin ina fama da alli da taswira don in cusa wa yara. Iri biyu ne kamar yadda ka ce. Bari in ɗauki farin, shi na fi sani.

Da fari a sallami Kano. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tun wajen ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Maris, Kano kuwa kudu maso gabas take da mu. Hayaƙi ba ya saɓa wa iska. In ma akwai masu ƙorafi to Zamfarawa ne, su da namu ke nufar wajensu.

Mai cewa Cadi shi ya fi kusa da gaskiya. A arewacin Cadi, kudu maso yamma da garin Faya, akwai wani ƙaton kwari da ake kira Bodele. Nan ne wuri mafi gangare a duk ƙasar, kuma masana sun daɗe suna cewa babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura, don wajen kwana 100 a shekara ƙura na tashi can. Abu biyu suka haɗu suka sa haka. Shekaru wajen 7,000 da suka wuce Tafkin Cadi ba wannan ɗan abin da ya rage ba ne, kusan teku ne, kuma Bodele ne mafi zurfinsa. Cikin ruwan akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu ɓawo kamar gilashi, suna mutuwa suna kwantawa a ƙasa, shekara bisa shekara. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar wata farar ƙasa marar nauyi, in ka murje ta a hannu sai ta zama gari kamar alli. Ga kuma duwatsun Tibesti da na Enedi sun bar rata a tsakaninsu. Iska ta matso ta ratar nan ta fito da ƙarfi, kamar ka danne bakin tiyo da yatsa, ta faɗa kan farin garin ta kwashe shi. Tsakaninmu da wurin ya haura kilomita 1,000, amma kwana ɗaya ko biyu sai ga ta a kan akushinmu.

Mai cewa Agadas ma bai yi ƙarya ba, Tenere da wajen Bilma suna zuba nasu. Haka gonakinmu bayan girbi, an kwashe kara, dabbobi sun tattake, ƙasa ta zauna tsirara.

Ka shafa yatsa a sirdin motonka ka duba. Ƙurar hunturu fara ce, mai laushi kamar hoda, ba ja irin ta hanyar burji ba. A cikinta har da ɓurɓushin ƙashin kifayen wancan tafki, shi ya sa take da ɗan taki. Wani sashe na ƙurar Sahara kan ƙetare tekun Atlantika har dajin Amazon. Tsofaffinmu da ke cewa shekarar hazo shekarar albarkar gona ce, ban taɓa yi musu dariya ba.

Kabu-kabu Ba Hutu:

Mushe an gaishe ka. To tunda daga Cadi ne sai a sakar mana mara, kullum a ce salansar moto ce ta ɓata gari. Ku je bakin tasha da asuba ku ga manyan kamyo a jere suna ɗumama inji, kowace tana aman baƙin hayaƙin gazuwal. Moto nawa za a tara su yi na guda ɗaya?

Amma gaskiya ɗaya ce, mu ma a mahaɗarmu taya muke ƙonawa mu ji ɗumi kafin fasinja su fito. Taya ɗaya na kai mu har fitowar rana, icce kuwa kuɗi ne.

Ɗan Meteyo:

Abokina na kabu-kabu, Mushe farin kawai ya kai Cadi. Shuɗin namu ne, kuma kai ma ka amsa da bakinka.

Malam Mai Tumatir, na taɓa aikin duba yanayi, bari in taɓa tambayarka ta biyu. Ranakun nan da ka ce kana tasowa taurari tar amma ka iske gari a lulluɓe, su ne amsar.

Rana ba iska take gasawa ba, ƙasa take gasawa, ita kuma ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, sai ta hau sama, ta tafi da hayaƙin duk wanda ya hura wuta. Haka abin yake da rana. Da daren hunturu kuwa sai ya kife. Babu gajimare, iska a bushe, dare ga tsawo, don haka rana na faɗuwa ƙasa ke sakin zafinta ta huce da sauri. Iskar da ke taɓa ta ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta kwanta, mai ɗumi ta zauna a bisanta kamar murfi a kan tukunya. Duk hayaƙin da aka tayar ƙarƙashin murfin nan ba shi da hanyar fita. Gobe da asuba ka tsaya ka kalli hayaƙin gidan burodi. Zai miƙe kaɗan, sai ya karye, ya shimfiɗu kamar tabarma.

Abin haushin, daidai lokacin da murfin ke rufewa muke hura wuta. Da magariba ga tuwo, ga masu tsire, ga wanda ya share ƙofar gida ya cinna wa sharar ashana. Da asuba ga ruwan wanka, ga koko da ƙosai, ga masu jin ɗumi, in an ɗauke wuta ga janareto. Kuma iska mai sanyi halin ruwa gare ta, gangare take bi. Kakanninmu sun bar kwari sun hau tudu bayan ambaliyar 1945, amma iskar har gobe Gulbi take nema, don haka wanda ke bin hanyar da ta yi kusa da fadama da sassafe shi ke shan mai kauri. In rana ta ɗaga ta gasa ƙasa sai murfin ya fashe, iska ta motsa, shi ne ka ga zuwa hantsi ya watse.

Launin ma da dalilinsa. Ƙwayar ƙura ta fi girma, tana watsa kowane launi na haske daidai, sai sama ta yi fari. Ta hayaƙin icce ƙanana ce ainun, ta fi watsa shuɗi. Wannan watsa hasken ne ya mayar maka da fitilarka a ido. In ka shiga irinsa kada ka sa dogon haske, ka sauke fitila ƙasa, ka rage gudu.

Yadda muke auna nisan gani ba wani sihiri ba ne. Akwai abubuwan da aka san nisansu daga tashar, hasumiya, tankin ruwa, dogon ƙarfen eriya. Kowace awa ka fito ka duba wanne ne na ƙarshe da kake iya gani. Ran da gari ya yi garau ana wuce kilomita 10. Ran da hazo ya yi kauri sai a sauko ƙasa da mita 1,000, irin ranakun da ake jin jirage sun kasa sauka Kano ke nan. Kada a haɗa shi da holoƙon farkon damina, wanda ke tahowa kamar bango ya wuce kafin ka gama kwashe shanya. Shi hazo ba gaggawa yake ba, sai ya kwana uku a rataye.

Anti Mai Allura:

Yaya Mai Tumatir, ni ta yarinyar nan na zo yi. Tarin da ya wuce sati biyu, kuma ya fi tsanani da dare, ba na man zafi ba ne. Ka kai ta likita a saurari ƙirjinta. In kuwa ka ga tana numfashi da sauri, ko ƙasan haƙarƙarinta na shiga ciki in ta ja iska, ko kana jin wani fito a ƙirjin, kada ka jira gari ya waye.

A wajenmu girman ƙwayar ake dubawa. Masu auna iska suna da mizani biyu, PM10 da PM2.5, wato ƙwayar da ba ta kai mikron 10 ba da wadda ba ta kai 2.5 ba. Kaurin gashin kai guda ɗaya wajen mikron 70 ne, kun ga ke nan ana maganar abin da ido ba zai taɓa gani ba. Manyan, hanci da maƙogwaro na tare da yawansu, shi ne majinar nan mai ƙasa-ƙasa da kuke fyacewa. Ƙananan su ke zarcewa can cikin huhu, wasu har jini. Ƙurar hunturu na ɗauke da duka biyun, hayaƙi kuwa kusan duk ƙanana ne, na leda da na taya kuma ga guba a kai. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yini guda kada ƙananan su wuce mikrogiram 15 a kowace mita kubik ta iska. Mai zaune a bakin murhun icce ta wuce nan nesa ba kusa ba.

Rawani da mayafi na rage manyan, ƙananan dai suna ratsawa. Duk da haka ɗaurawa ta fi bari.

Sai ka tambayi Inna, cikin ladabi, ko tana shiga da kaskon wuta ɗaki. Bara da tsakar dare aka kawo mana wata tsohuwa da jikokinta biyu, ciwon kai, amai, ƙaramin ba ya ko iya tsayuwa. Ƴan uwa na ta cewa iska ce ta buge su. Ashe garwashi suka kwana da shi, an rufe ƙofa, an toshe taga da tsumma. Gawayi na fitar da wata iska da ba ta da wari ba ta da launi, tana hana jini ɗaukar numfashi, mutum na barci ta wuce da shi. Su Allah Ya yi da sauran kwana.

Kuma a tuna wannan ne lokacin sanƙarau. Muna tsakiyar yankin da ya taso daga Senegal har Habasha, inda ciwon ke tashi in iska ta bushe ƙura ta yi yawa, don bushewar na raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro. Waɗanda suka ga annobar 1996 ba sa buƙatar a ba su labari. Rigakafin da aka fara a 2010 ya karya lagon nau'in A, amma a 2015 nau'in C ya taso mana a Nijar. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, a ruga likita.

Ita kuma rana, da ka ce kuna kallon juna, ka daina kallonta. Hazo ya rage mata haske ne kawai, tana iya ɓata ido.

Uwar Biyu Mai Ƙosai:

Ina karantawa ina jira a zo kan murhu, ga shi an zo. To ni ƙarfe biyar nake hura wuta, shekara goma sha huɗu, kuma ni na fi kowa shaƙa tunda fuskata ce a kai. Kuna zaton daɗinsa muke ji? Na gwada gas. Ran da ta ƙare mini ana tsakiyar suya, yara sun yi layi da kwanoni za su lakwal, na aika aka zagaya ba a samu ba, ranar na koma icce. Icce ko na dala ashirin ne za a sayar maka, gas kuwa sai ka tara kuɗin kwalba guda. Kuma iccen ma yanzu rabinsa ɗanye ake kawowa, ga hayaƙi ga rashin ci.

Abin da na gani ya yi mini amfani shi ne murhun da aka kewaye da laka, bakinsa ɗaya. Iccen da nake ƙonawa ya ragu sosai, idona ma ya huta. Amma maganar leda, mu mata mu faɗa wa kanmu gaskiya, da ita da yawanmu ke kama wuta don ta fi saurin ci. Ni ma na yi. Shara kuwa in ba a zo an kwashe ba, ya za a yi da ita? A lungunmu sai ta kai wata.

Tsohon Mushe:

Hajiya, ba ke aka nufa ba, kuma ba mu muka fara ba. A Disamban 1952 irin murfin nan da Ɗan Meteyo ya faɗa ya rufe birnin Landan kwana biyar, daga 5 zuwa 9 ga wata. Sanyi ya sa kowane gida ya ƙara kwal a murhu, hayaƙin ya rasa hanya, har mutum ba ya ganin ƙafarsa. Lissafin farko ya ce mutum wajen 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai shi wajen 12,000. Sai a 1956 suka yi dokar tsabtace iska, kuma ba hana mutane jin ɗumi suka yi ba, taimaka musu aka yi suka sake abin da suke ƙonawa. A Delhi ta Indiya har yanzu duk Oktoba da Nuwamba manoman Punjab da Haryana na ƙone tushen shinkafa, hayaƙin ya haɗu da na motoci ya zauna a kan birnin.

Farin ma, ko da ba mu iya toshe ratar Tibesti, na gonakinmu muna da ta cewa. A nan ƙasar Maraɗi aka fara sassaben zamani a shekarun 1980, manomi ya bar tohon kututture ya girma maimakon ya sare. Ka dubi gonar da ke da gawo yanzu, shi da ke fitar da ganye da rani lokacin da kowa ya kaɗe, ka dubi wadda aka share ƙaf, ka ga wacce iska ke ɗiba.

Mai Tumatir, Jiratawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Mushe, na yi gwajin yatsa, fara ce sol. Na gaya wa mai rantsuwa da Kano, ya ce shi dai bai yarda ba, iska ai tana juyawa.

Anti, jiya bayan na sauke kaya na wuce Mokoyo. Kaskon yana nan ƙarƙashin gadon Inna, da tokarsa. Ban iya ce mata komai kai tsaye ba, sai na ba ta labarin tsohuwar nan da jikokinta kamar hira. Ta yi shiru, can ta ce ita ai tana barin ƙofa a sage. Na saya musu bargo biyu a gwanjo, na ɗauke kaskon na ce zan kai gyara. Bayan katangar ɗakin kuma ashe juji ne, na iske shi yana ci a hankali, ba harshen wuta, sai hayaƙi yana bin tagar. Maƙwabcin ya ce ya fi sati a haka. Bokiti shida muka zuba kafin ya mutu, kuma na san wani zai sake cinnawa.

Yarinyar mun je likita, an ce ƙirjin ya ɗan kama, an rubuta magani, an ce mu koma ran Alhamis.

Yau na jinkirta fitowa sai da gari ya yi haske. Hanya lafiya lau, amma na iske ƴan sari sun gama da na mutanen Madarunfa, na sayar da nawa da ragi. Gobe dai asuba zan koma, da fitila a ƙasa. Kabu-kabu, a wace mahaɗa kuke ƙona tayar nan, in san inda zan ja rawani?